Harshen Kwamfuta da Matsalar Aiki Tare

Ana kiran FORTRAN da ALGOL da Pascal da sunan harsuna, kuma sunan ya dace da su fiye da yadda yawancin mutane ke zato. Kwamfuta ba ta da wayon kanta. Abin da ta iya shi ne bin umarni ɗaya bayan ɗaya da saurin da ya wuce misali, kuma jerin umarnin nan, wanda ake kira shiri, tilas ne a rubuta shi da kalmomi ƙididdigaggu, bisa ƙa'idojin ginin jimla waɗanda ba su karɓar kwana-kwana. Sa'an nan akwai wani shiri na musamman wanda aikinsa shi ne ya karanta abin da mutum ya rubuta, ya juya shi zuwa lambobin da na'ura ke ganewa. A cikin wannan lacca za a riƙa kiransa tafinta. Ya bambanta da tafintan kotu ta fuska guda: in jimla ta saɓa wa nahawu ba ya tsayawa kintatar abin da mai magana yake nufi, sai kawai ya ƙi fassarawa, ya mayar wa marubuci da kayansa.

Dangantakar wannan fanni da ilmin harshe daɗaɗɗiya ce. Daga shekarar 1956 Noam Chomsky ya shiga bayyana nau'o'in nahawu ta hanyar lissafi. A 1959 John Backus, wanda ya jagoranci ƙirƙiro FORTRAN a kamfanin IBM, ya fito da wata hanya ta rubuta ƙa'idojin ginin jimlar harshen kwamfuta, Peter Naur na ƙasar Danmak ya gyara ta, ya yi amfani da ita cikin rahoton ALGOL na 1960. Ba a daɗe ba aka gane cewa hanyar tasu daidai take da ɗaya daga cikin nau'o'in da Chomsky ya zana. Har ma an sami wanda ya ba da shawara a 1967 cewa a sanya wa hanyar sunan Panini, malamin nahawun Sanskrit na ƙasar Indiya, wanda ya tsara ƙa'idoji kusan dubu huɗu ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa.

To, amma nahawun ALGOL siffar jimla ya fi tsarewa. Tambayar da ta ɗauke hankalin wasu manazarta tun wajen 1965, kuma ita ce jigon wannan lacca, ta zarce nan: shin ana iya gina harshen da nahawunsa zai haramta kuskuren aiki, har tafinta ya ƙi shi kamar yadda kunnen Bahaushe ke ƙin "yarinya ya zo"? Kuskuren da ake nufi kuwa iri ɗaya ne tak, watau wanda ke aukuwa sa'ad da ayyuka biyu ko fiye suke gudana lokaci guda suna taɓa kaya ɗaya.

Akawu biyu, littafi ɗaya

Kwamfutocin farko aiki ɗaya suke yi har su gama, kana su ɗauki wani. Wannan asara ce babba, domin ƙwaƙwalwar na'ura tana da sauri ƙwarai, alhali injin buga takarda da mai karanta tef nawa gare su, sai ga na'ura mai tsadar gaske tana zaman jiran injin da bai kai ta daraja ba. Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka yaɗa wata dabara: na'ura ta saki aikin da yake jira ta kama wani, in injin waje ya shirya sai ya katse mata hanzari ta koma wa na farko. An sami riba, amma an sayo wata wahala, domin daga ranar nan ana iya katse shiri tsakanin kowane umarni da mai bi masa, kuma babu mahalukin da ya san lokacin da katsewar za ta zo.

Misali zai fi bayyana illar. A ɗauka akwai asusu mai Naira 1,000 a littafin kuɗi, ga akawu biyu, ɗaya zai shigar da Naira 500, ɗaya kuma zai fitar da Naira 200. Kowannensu matakai uku zai bi: ya duba abin da ke cikin littafi ya kwafe a takardarsa, ya yi lissafi a takardar, sa'an nan ya rubuta sabon adadi a littafi. In ɗaya ya gama kafin ɗaya ya fara, ko wane ne ya riga, za a tashi da Naira 1,300. Amma a ce na farko ya kwafi 1,000, kafin ya rubuta komai na biyu shi ma ya kwafi 1,000. Na farko ya rubuta 1,500, na biyu ya zo ya rubuta 800 a kai. Naira 500 ta salwanta ke nan, alhali babu wanda ya yi sata, babu wanda ya yi kuskuren lissafi. Wanda duk ya duba aikin kowane akawu shi kaɗai zai same shi daidai. Laifin yana cikin yadda matakansu suka sarƙu, kuma wannan shi za a kira rige-rige.

Ana iya ƙidaya hanyoyin sarƙuwar. Matakai uku na wannan da uku na wancan suna iya jeruwa ta hanyoyi 20, kuma biyu ne kawai daga cikinsu ke ba da amsa ta gaskiya. In ayyukan biyu matakai goma-goma ne, hanyoyin sun zama 184,756. In aka ƙara aiki na uku mai matakai goma, sun haura biliyan dubu biyar. Shirin da ake aiki da shi a banki ko asibiti kuwa matakansa dubbai ne. Wani abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne cewa mugayen hanyoyin, duk da yawansu a lissafi, ba safai suke aukuwa ba, saboda ratar da ke tsakanin dubawa da rubutawa ba ta kai ƙiftawar ido ba. Sai a gwada shiri sau dubu ya ba da amsa daidai, a sake shi ga jama'a, ya yi shekara yana aiki lafiya, ran nan kurum ya ɓata, in aka koma neman dalili kuma ya ƙi maimaita ɓarnar.

Wannan ba tatsuniyar masu lissafi ba ce. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar gasa ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar wani kamfanin gwamnatin Kanada, ta zuba wa marasa lafiya hasken da ya ninka ƙa'ida sau da yawa a lokuta shida da aka sani, a Amurka da Kanada, aƙalla mutum uku suka rasu. A garin Tyler na jihar Texas, inda abin ya auku sau biyu a 1986, an gano cewa in mai sarrafa na'urar ta buga harafin da ba shi ba, ta koma ta gyara cikin daƙiƙa takwas, sashen shirin da ke daidaita maganaɗisun na'urar ba ya ganin gyaran, domin yana tsakiyar aikinsa. Sabon ma'aikaci mai lalube a kan madannai ba zai taɓa faɗa wa wannan rami ba. Sai wadda hannunta ya faɗa. Na'urar da ta gabace ta tana da makullan ƙarfe da na lantarki masu hana irin wannan haɗari, amma a sabuwar an cire su an dogara ga shiri. Nancy Leveson da Clark Turner sun buga cikakken binciken al'amarin a 1993, har yau kuma ana karantar da shi a jami'o'i.

Dijkstra da alamar jirgin ƙasa

Mutumin da ya fara mayar da wannan matsala abin nazari na ilmi shi ne Edsger Dijkstra, ana furta sunan Daikistira, haifaffen Rotterdam ta ƙasar Holan a 1930. Ya san harshe ya san na'ura, domin shi da abokin aikinsa Jaap Zonneveld suka kammala tafintan ALGOL 60 na farko a 1960, kafin ya zama shaihun malami a Eindhoven a 1962. A watan Satumba na 1965 ya buga maƙala mai shafi ɗaya tak, wadda ake ɗauka ita ce mafarin fannin. Kafin nan wani masanin lissafi ɗan ƙasarsu, Dekker, ya warware matsalar ga ayyuka biyu. Dijkstra ya faɗaɗa ta ga ayyuka ko nawa ne.

Darajar maƙalar ta fi ƙarfi wajen sharuɗɗan da ya gindaya. Mata uku suna iya lugude a turmi ɗaya ba tare da taɓarensu sun yi karo ba, saboda suna ganin juna, suna jin amon juna, kowace ta san saurin 'yar'uwarta. Wannan dogaro ga sanin saurin abokin aiki shi Dijkstra ya fara haramtawa: tilas maganin ya yi aiki ko da ɗaya na gudu ɗaya na rarrafe, ko ɗaya ya tsaya cak na wani lokaci. Ya kuma shar'anta cewa kada a fifita wani aiki a kan wani tun daga tushe, kuma in wani ya tsaya can waje da wurin da ake takara a kai, tsayuwarsa kada ta hana sauran shiga. Sharaɗin ƙarshe ya shafi ladabi mai yawa: kada mutum biyu su tsaya a bakin ƙofa, wannan na cewa "Bismilla, shige," wancan na cewa "A'a, kai dai shige," har rana ta faɗi. Wahalar abin ta bayyana nan da nan. A farkon 1966 wani ya buga nasa maganin a mujallar da ta buga na Dijkstra, layuka kaɗan, ya wuce idon masu tacewa, sai Donald Knuth ya nuna jerin matakan da ke rushe shi. Knuth ya kuma nuna cewa a maganin Dijkstra kansa, wani aiki marar sa'a yana iya dawwama a layi wasu na ta wuce shi.

Domin kada kowane marubucin shiri ya riƙa fama da wannan sarƙaƙiya, Dijkstra ya ƙago wani makami da ya ara wa suna daga alamar da ke ba jirgin ƙasa hannu a inda layin dogo ya zama ɗaya, watau simafo. Lamba ce a ma'ajiyar na'ura wadda ba a taɓa ta sai ta umarni biyu, P da V, haruffan farko na wasu kalmomin harshen Holan. Mai son shiga sai ya yi P: in lambar ta fi sifiri ya rage ɗaya ya wuce, in sifiri ce ya jira. In ya fito sai ya yi V, ya mayar da ɗayan da ya rage, mai jira ya sami hanya. Sirrin shi ne na'ura ta lamunce cewa ba za a katse P ko V a tsakiya ba. Da wannan makami shi da 'yan mutane kaɗan suka gina babban shirin da ke tafiyar da kwamfutar jami'arsu, mai suna THE, suka tsara shi hawa-hawa yadda za a iya kafa hujjar ingancin kowane hawa da hankali. Ra'ayinsa, wanda ya nanata har ya rasu a 2002, shi ne gwaji yana iya tona kuskure amma ba ya iya wanke shiri daga zargi.

Simafo ya yi maganin rige-rige, sai dai ya buɗe ƙofar wata cuta. A 1965 Dijkstra ya ba ɗalibansa tambayar jarrabawa wadda daga baya ta shahara da siffar masana falsafa biyar. Suna zaune kewaye da teburi, gaban kowa akushin taliya, tsakanin kowane mutum biyu akwai cokali mai yatsu guda ɗaya, kuma ba a iya cin taliyar sai da cokula biyu. In yunwa ta kama su lokaci guda, kowa ya ɗauki cokalin hagunsa, to kowa zai zauna riƙe da ɗaya yana jiran na dama, wanda ke hannun maƙwabcinsa. Ba wanda ya karya doka, ba kuma wanda zai ci. Wannan shi ne cirko-cirko, kuma duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe fayil yana jiran wani fayil, alhali mai wancan fayil shi ma nasa yake jira, ya san kamanninsa. Ɗaya daga cikin magungunansa shi ne a sa wa cokulan lamba, a wajabta wa kowa ya fara ɗaukar mai ƙaramar lamba. Da haka zoben jira ba zai taɓa rufewa ba.

Amma a lura da inda nauyin ya faɗa. Wanda ya manta V ɗaya cikin shiri mai layi dubu goma ya kulle ƙofa ya tafi da mabuɗi. Wanda ya manta P ya shiga ba sallama. Wanda ya ɗauki cokula ba bisa tsari ba ya jawo cirko-cirko. A duk waɗannan tafinta ba zai ce uffan ba, domin a wurinsa jimlolin lafiyayyu ne. Simafo doka ce da aka bar wa kowa ya tsare da kansa.

Shigar da doka cikin nahawu

Mutum biyu suka ɗauki mataki na gaba, suna musayar ra'ayi a farkon shekarun 1970: Per Brinch Hansen na Danmak da Tony Hoare na Ingila. Sun ɗauko wata dabara daga harshen Simula 67 na ƙasar Norway, wadda ke tattara bayanai da ayyukan da ake yi a kansu wuri ɗaya, suka ɗora mata sharaɗin shiga ɗaya bayan ɗaya. Abin ya yi kama da ofishin rajista mai tsari. Ba a barin kowane jami'i ya kutsa cikin kantocin fayil ya ɗauki abin da ya ga dama; akwai taga, akwai ayyuka sanannu da ake nema ta tagar, kuma mutum ɗaya ake saurara a lokaci guda. Brinch Hansen ya bayyana dabarar cikin littafinsa na 1973, Hoare ya buga maƙalarsa a 1974 tare da ƙa'idojin kafa hujja a kanta.

Brinch Hansen ne ya mayar da ita harshe. A 1975, yana Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, ya fito da Concurrent Pascal, inda duk bayanin da ayyuka ke tarayya a kansa tilas ya zauna bayan irin wannan taga. Wanda ya rubuta jimlar da ke miƙa hannu ta bayan taga, tafinta zai mayar masa da ita tun shirin bai fara gudana ba. Domin wannan lamuni ya tabbata sai da ya cire wasu abubuwa da marubuta shiri ke ƙauna, musamman damar nuna kowane gurbi na ma'ajiya kai tsaye. Ya kuma rubuta cikakken shirin tafiyar da kwamfuta mai suna Solo da harshen, don ya nuna ba na allo kaɗai ba ne. A nan ne aka fara ganin amsar tambayar da aka yi a farko: harshe yana samun ƙarfin lamuni ne gwargwadon abin da ya hana a faɗa.

Kasuwa ba ta karɓi darasin gaba ɗaya ba. Harshen Java, wanda ya fito a 1995 ya kuma mamaye bankuna da ofisoshi, ya ɗauki siffar tagar amma ya bar amfani da ita ga zaɓin marubuci, mai so ya bi ta taga, mai so ya haura katanga. A 1999 Brinch Hansen ya rubuta maƙala mai zafi yana kukan cewa an yi watsi da abin da aka sani shekara ashirin da biyar da suka wuce. Gaskiya tana wajensa, ko da yake masu Java suna da uzurin da ba a raina shi: harshe mai tsanani yakan hana wasu shirye-shirye masu kyau tare da munana, masu sayen harshe kuwa sauri da sauƙi suke fara tambaya.

Kowa da littafinsa

Hoare bai tsaya nan ba. Shi dai asalin karatunsa a Oxford Latin ne da Girkanci da falsafa, ya koyi Rashanci a rundunar sojan ruwa, ya je Jami'ar Mosko inda ya yi nazarin fassara da na'ura, kuma wajen neman hanyar jera kalmomi domin duba ƙamus ne ya gano dabarar jerawa da ta fara fito da sunansa. Ba mamaki mai irin wannan tarbiyya ya kalli matsalar ta fuskar zance. A maƙalarsa ta 1978 ya kawo shawarar a tumɓuke tushen rigimar: kada ayyuka su yi tarayya a littafi ko kaɗan. Kowane aiki ya riƙe nasa, in yana bukatar wani abu daga ɗan'uwansa ya aika masa saƙo, mai aikawa ya jira har mai karɓa ya miƙo hannu. A misalin da ya gabata, akawu ɗaya ne zai riƙe littafin asusu, sauran su riƙa aiko masa da takardar shigarwa ko ta fitarwa. A Edinburgh kuma Robin Milner ya fito da nasa lissafin na ayyuka masu zance da juna a 1980, daga nan fannin ya sami aljabararsa, watau hanyar da za a nuna a takarda cewa tsari kaza da tsari kaza halinsu ɗaya.

Harshen occam, wanda David May ya tsara a kamfanin Inmos na Ingila a 1983, ya bi tafarkin Hoare sau da ƙafa, amma ya kwanta tare da na'urar da aka yi shi dominta. Wanda ya yi tsawon rai shi ne Erlang, da Joe Armstrong da Robert Virding da Mike Williams suka fara a 1986 a ɗakin binciken kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin, domin injunan haɗa wayar tarho, inda dubban kira ke gudana lokaci guda kuma ba a yarda injin ya tsaya ba. A Erlang mai aika saƙo ba ya jira, yana jefawa ne cikin akwatin mai karɓa ya wuce. Sun kuma ƙara wata hikima: tun da ba mai taɓa kayan wani, in aiki ɗaya ya rikice sai a bar shi ya mutu, wani aiki mai sa ido ya ta da sabo a madadinsa, sauran ba su ko ji ba. An saki harshen ga kowa a 1998, kuma da shi aka gina injunan da ke rarraba saƙonnin WhatsApp. Harshen Go, wanda Google ya bayyana a 2009, shi ma daga tafarkin Hoare ya ɗauko kafofin saƙonsa, sai dai kamar Java bai haramta tarayya ba, shawara kawai ya bayar.

Mallaka da aro

Shekaru da yawa wannan duka damuwar tsirarun ƙwararru ce. Abin ya sauya wajen 2005, lokacin da masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta suka kasa ci gaba da ƙara mata sauri saboda zafin da take fitarwa, suka koma dasa ƙwaƙwalwa biyu, huɗu, takwas a kan ɓallin siliki ɗaya. A da ayyuka karɓa-karɓa suke yi a kan ƙwaƙwalwa guda. Yanzu da gaske suke gudana tare, har cikin wayar da ke aljihun ɗalibi. Matsalar akawu biyu ta zama ta duk mai rubuta shiri.

Amsar da ta fi jan hankali a wannan zamani ita ce ta harshen Rust, wanda ya girma a hannun kamfanin Mozilla, aka fitar da tsayayyen bugunsa na farko a 2015. Nahawunsa ya ginu a kan mallaka. Kowane bayani yana da mai shi guda ɗaya. Mai shi yana iya bayar da shi kyauta, in ya bayar kuwa ya fita daga hannunsa, jimlar da ta sake ambatonsa karyayya ce. Yana kuma iya bayar da aro iri biyu: ko aron dubawa ga mutane ko nawa, muddin ba mai canza komai, ko aron gyarawa ga mutum ɗaya tak, wanda kafin ya mayar ba mai ko leƙawa. In ana son akawu biyu su yi aiki da littafi ɗaya, sai a sa littafin cikin akwati mai makulli, kuma harshen bai tanadi wata jimla ta taɓa littafin ba sai ta hannun wanda ke riƙe da mabuɗin. Da ya gama, mabuɗin da kansa yake komawa. Manta P da manta V, waɗanda suka addabi zamanin simafo, sun zama abin da ba ya faɗuwa a harshen. Tushen wannan tunani yana cikin binciken jami'a: mantiƙin da Jean-Yves Girard ya fito da shi a Faransa a 1987, wanda ke ɗaukar zance kamar kuɗin da in an kashe ya tafi, da kuma mantiƙin rabon ma'ajiya na John Reynolds da Peter O'Hearn. Da reshen wannan na biyu ne wasu manazarta, akasarinsu a Jamus, suka kafa hujja a 2018, wadda na'ura ta tantance, cewa zuciyar nahawun Rust tana cika alkawarinta.

Wajibi ne a san iyakar alkawarin. Abin da Rust ya hana shi ne hannu biyu su faɗa kan gurbi ɗaya na ma'ajiya lokaci guda alhali ɗaya yana rubutu. Bai hana marubuci ya buɗe akwati ya duba, ya rufe, ya sake buɗewa ya rubuta bisa tsohon labari ba. Ya kuma bar wata ƙofa da marubuci zai iya shelanta cewa ya ɗauki alhakin wani sashe da kansa, tafinta ya kau da kai. Masana falsafan nan biyar kuwa ana iya rubuta su da Rust tsaf, tafinta ya karɓa, su zauna da yunwarsu, domin cirko-cirko ba ya cikin abin da mallaka ke gani.

A wannan gaɓa ce wani reshen bincike ya koma ga tsarin zance kansa. Mai jin Hausa ya san cewa "Ina kwana?" tana neman "Lafiya lau," kuma in mutum biyu suka tsaya kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara gaisuwa, gaisuwa ba za ta yiwu ba. A 1993 Kohei Honda, masani ɗan ƙasar Japan, ya nuna yadda za a rubuta irin wannan tsari a matsayin ƙa'idar nahawu ga kafar saƙo: wannan gefe zai aika lamba, sa'an nan ya saurari amsa, sa'an nan ya zaɓi ci gaba ko sallama, ɗaya gefen kuma tilas tsarinsa ya zama kishiyar wannan daidai wa daida, inda wannan ke magana wancan na sauraro. Tafinta sai ya auna kowane gefe da ƙa'idar. A 2008 Honda da Nobuko Yoshida da Marco Carbone suka faɗaɗa dabarar ga zance tsakanin ɓangarori da yawa, inda ake rubuta tsarin zancen gaba ɗaya tukuna, kana a yanko wa kowane ɓangare rabonsa. A cikin zance guda da aka tsara haka ana iya lamunce cewa ba za a yi cirko-cirko ba. Wahalar tana ɓullowa in aiki ɗaya ya shiga zance biyu ko uku lokaci guda, kamar jami'in da ke zaune a kwamiti uku kowane na jiran rahoton ɗaya, kuma a kan wannan gaɓa aka yi ta rubuce-rubuce tun daga lokacin. An gwada dabarar a matsayin ƙari ga harsuna irin su Java da Scala da Rust, amma har yanzu babu ɗaya daga cikin manyan harsunan kasuwa da ya shigar da ita cikin ainihin nahawunsa.